A DA AN: ƘANANAN KALMOMI BIYU NA TURANCI

Jama'a, mun riga mun san baƙaƙe da wasula. To, yau za su yi mana amfani wajen Turanci, harshen da ake rubuta takardun hukuma da shi a Nijeriya.

Bature ba ya faɗin sunan abu guda tsirara. Sai ya sa masa "a" ko "an" a gaba. Asalinsu kalma ɗaya ce, ma'anarta ɗaya, watau guda. Sun yi kusa da wani da wata namu, amma su ba ruwansu da namiji ko mace. Mu muna cewa, "Ni manomi ne." Bature kuwa sai ya ce, "I am a farmer." Wanda ya rubuta takardar neman aiki ya bar wannan "a", mai karatu zai gane tun layin farko hannunsa bai faɗa ba tukuna.

Ga ƙa'idar. In suna ya fara da baƙi, a sa "a": a goat, akuya, a hoe, fartanya. In ya fara da wasali, a sa "an": an egg, ƙwai, an onion, albasa.

Amma mu lura, kunne ne alƙali, ba ido ba. Kalmomin da muka ara su ne shaidunmu. Daga Garo zuwa Gwarzo kowa yana cewa awa, ba mai cewa hawa. To, Bature yana rubuta "hour", amma ba ya furta h ɗin. Saboda haka an hour. Kuma rigar 'yan makaranta muna ce mata yunifom. Da u ake rubuta ta, amma y kunne yake ji, y kuwa baƙi ne. Saboda haka a uniform.

Saura abu guda. Abin da ba a ƙirgawa, kamar ruwa da gishiri da madara, ba ya ɗaukar ko ɗayansu. Ba a cewa a salt. Sai a ƙirga mazubinsa: a bag of salt, buhun gishiri. Haka kuma jam'i: goats, awaki, ba a goats ba.

In za mu rubuta takarda zuwa ofishin ƙaramar hukuma a Kabo, mu karanta ta da ƙarfi kafin mu sa hannu. Inda harshe ya yi tuntuɓe, nan gyara yake.

AIKI: Mu sa "a" ko "an" gaban waɗannan: engine, donkey, office, university, honest man.