Kokwanton Kai da Babban Buri

A ƙasar Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa akwai tsoro iri biyu da ke daƙile matashi, bai kuma kamata a cuɗa su ba. Na farko dalilinsa a fili yake. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, sai bayan kwana shida aka sako su. Uban da ya hana ɗansa makarantar kwana bayan wannan ba ragon namiji ba ne, maganin abin kuwa yana hannun hukuma. Na biyun shi ne abin da wannan rubutu ya sa gaba: mutum ya yanke wa kansa hukuncin gazawa tun ba a gwada shi ba.

Ga yadda yakan faru. Yaro ya taso daga Ruwan Godiya ya shiga mota zuwa Funtuwa don cike fom ɗin JAMB. Ya daɗe yana raya likitanci a zuci, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Mai kwamfuta ya ce, "Ƙanena, wane kwas za a sa maka?" Ya yi shiru, ya waiga ya ga layi a bayansa, ya ce, "Yaya, sa mini wanda ake samu da sauƙi." Ba jarrabawa ta kayar da shi ba. Wata murya ce ta ce masa, ina kai ina likitanci, ɗan wane ne kai?

Tarbiyyarmu na da hannu a nan. An koya mana kunya da kawaici, an nuna mana yabon kai jahilci ne, kuma duk gaskiya ne. Sai dai tawali'u daban, raina kai daban. Mai tawali'u yakan yi aikin ya yi shiru, mai raina kai kuwa ba ya ma farawa.

Tarihin rubutun Hausa ya ajiye mana misali, kuma Katsina na tsakiyarsa. A 1933 Dokta Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zaga garuruwan Arewa yana neman masu ilimi su shiga gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Da yawa abin ya yi musu banbaraƙwai. A wurinsu alƙalami na sha'anin addini ne da waƙoƙin wa'azi, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce da dare. Kokwanton a lokacin ya wuce na mutum ɗaya, ana shakkar ko harshen kansa zai ɗauki littafin labari.

Cikin waɗanda suka amsa akwai wani malamin Midil ta Katsina ɗan shekara 22, Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, bai daɗe da gama Kwalejin Katsina ba. Ya aika da Ruwan Bagaja. Yayansa Malam Bello Kagara ya aika da Ganɗoki, wani malamin makaranta daga Bauci, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya aika da Shaihu Umar. Aka buga su tare da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo da Jiki Magayi na John Tafida da East. Babu wani marubucin irin wannan littafi a Hausa da za su leƙa su kwaikwaya.

Abin lura a labarin Imam shi ne yadda burin ya girma daki-daki. Gasar ta ba shi aiki mai iyaka da wa'adi. Ya samu mai gyara, wanda zai karanta ya ce nan ya yi, nan bai yi ba. A ganina wannan ya fi kowace irin nasiha amfani, domin mai kokwanto hukuncin kansa ne ya lalace, yana bukatar ma'aunin da ba nasa ba. Bai kuma ɗora wa kansa cewa sai ya ƙago komai daga babu ba. Da aka kira shi Zariya a 1936 ya rubuta Magana Jari Ce, ya ɗebo labarai daga littattafan Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya sa musu rigar Hausa har mai karatu ya rantse a ƙofar gidansu aka yi su. Littafi uku ya fitar, har yau ana karanta su a makarantu.

Daga nan nauyin ya ƙaru. A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne editanta na Hausa. A 1943 ya tafi Ingila cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma, tare da Nnamdi Azikiwe, ya zauna da Lugga, Baturen da ya ci ƙasar Arewa, ya zayyana masa koke-koken mutanen Arewa a kan mulkin da ya kafa. Shekara goma ke nan tsakanin wannan zama da ranar da ya aika labarinsa na farko daga Katsina. Malamin Baucin nan kuwa ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957.