Mashigan kalsiyum a jijiyoyin ji: inda saƙon zafi yake wucewa

1. Gabatarwa

Idan ƙaya ta soki manomi a gonar hatsi a Tebaram, saƙo ne na lantarki ke tashi daga tafin ƙafa zuwa lakar baya. A nan jijiyar farko take ƙarewa, sai ta miƙa saƙon ga ta biyu. Wannan miƙawa ba ta yiwuwa sai kalsiyum ya shiga cikin ƙwayar jijiyar. Ƙofofin da yake bi, wato abin da ake kira canaux calciques da Faransanci, su ne muka kira mashigan kalsiyum.

2. Ire-iren mashigan

Kalsiyum da ke wajen ƙwayar ya ninka na cikinta kimanin sau 10.000, saboda haka da zarar mashigi ya buɗe, sai ya kwarara ciki. Dabarar auna irin wannan kwarara a mashigi guda, Neher da Sakmann ne suka fito da ita a 1976. A 1985 kuma Nowycky da Fox da Tsien suka bambanta iri uku a jijiyoyin ji na ɗan tsako:

(a) T yana buɗewa da ɗan canjin lantarki, ya rufe nan take;
(b) L yana buƙatar babban canji, kuma yana daɗewa a buɗe;
(c) N yana tsakanin biyun. Shi ne ya fi yawa a bakin jijiyar zafi, inda yake sa a saki sinadarin da ke ɗaukar saƙon zuwa gaba.

3. Magunguna

Idan aka toshe N, saƙon zafi ba ya ƙetarewa. Haka zikonotid yake aiki, maganin da aka kwaikwayo daga dafin wani dodon koɗi na teku, wanda Amurka ta amince da shi a 2004. Morfin kuwa rage buɗewar N take yi a kaikaice, kuma tramol yana bin wannan hanya a wani ɓangare na aikinsa.

4. Kammalawa

Abin lura a nan shi ne, maganin saƙon kawai yake tarewa, raunin yana nan. Ɗan ƙwadago da ya sha tramol domin ya jure aiki yana ci gaba da ɓata gaɓar da ta riga ta nemi hutu. Da jiki ya saba kuma, sai ya nemi ƙari. Muna ganin wannan bayani ya cancanci a yi shi da Hausa, a aji da kuma a ɗakin shan magani.