Babban Babur Na Hannu: Arha Ko Asara?

Manyan baburan ƙasaita masu gajeren sirdi, irin su Harley-Davidson da Honda Shadow, sukan shigo Nijeriya a matsayin na hannu, kuma arharsu kan ruɗi mai saye. Kayan gyaransu ba su wadata a kasuwa kamar na Bajaj ba, akasari sai an yi odarsu da dala. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023 kuwa, shan mansu ya zama nauyi.

Saboda haka wajibi ne mai saye ya tabbatar lambar jikin babur ta dace da takardun kwastan, ya tayar da injin yana sanyi don jin lafiyarsa. In babu makanikin da ya san irinsa a kusa, cinikin asara ne.