Rigar Sanyi ta Aislan da Gwadonmu

Can arewa da Ingila, a tsakiyar teku, akwai wani tsibiri mai tsananin sanyi da ake kira Aislan. Mutanensa suna da wata rigar sanyi ta gashin tumaki, wadda suke kira lopapeysa, matansu ke saƙa ta da hannu. Baƙin da ke zuwa ƙasar kan saye ta da tsada, su koma gida suna taƙama da ita.

Asirin rigar yana jikin tumakinsu ne. Tunkiyar Aislan gashi biyu gare ta: na waje dogo ne mai ƙarfi, ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi, na ciki kuwa mai laushi ne, shi ke riƙe ɗumi. Sai a haɗa su a ja zare, ba tare da an murɗe shi sosai ba. Sa'an nan a saƙa rigar a kewaye, babu ɗinki, a yi mata ado a zagayen wuya da kafaɗu.

Abin mamaki, rigar nan ba ta daɗe ba. Wajen 1950 ta fara yaɗuwa. Amma a 1977 masu saƙar suka kafa ƙungiyarsu, a 2020 kuma hukumar ƙasar ta tsare sunan rigar, watau ba a kiran wata riga da shi sai wadda aka saƙa da hannu a Aislan, da gashin tumakin Aislan.

To, mu dawo gida. Illo, a ƙasar Bagudo kusa da iyakar Binin, tsohon zango ne na fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Ta nan ayari kan bi da tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Hausa, daga kasuwanni irin ta Jega, tun mutanen Aislan ba su san rigar tasu ba. Yau hanya ta juya. Da hunturu ya kama, gwanjon da ke fitowa daga Kwatano shi ke cika kasuwa, gwadon masaƙanmu kuwa sai a wurin tsofaffi.

Ba mu ce talaka ya bar gwanjo ba, gama kowa da gwargwadon aljihunsa. Abin da muke faɗi shi ne, Aislan ba ta fi mu gwaninta ba, ta fi mu sanin darajar abinta ne. In masaƙi ya rasu bai koya wa kowa ba, ya tafi ke nan da sana'arsa.

Saboda haka muna roƙon malaman makaranta su riƙa kai yara su ga masaƙa da idonsu, ma'aikatan hukuma kuwa su taimaki masaƙa su haɗa kai, su sa wa kayansu shaida. Allah ya sa mu gane.