Firinta Ba Ta Son Dogon Hutu

Idan ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda suka tafi hutu, ciniki yakan ja baya a shagunan buga takardu, sai a tura firinta lungu. Nan ɓarnar take farawa. Firinta mai tawadar ruwa tana feso tawada ne ta ramukan da ba su kai kaurin gashi ba, kuma iskar hunturu, wadda ke busar da wanki kafin azahar a Zurmi da Shinkafi, haka take busar da su har su toshe. Maganin shi ne a buga shafi ɗaya mai launuka duk mako, a kashe firintar da maɓallinta domin kan da ke ɗauke da ramukan ya koma mazauninsa ya rufu, sannan a lulluɓe ta da zane saboda ƙura.

Wani zai ce wannan asarar tawada ce da man janareta. Gaskiya ne, akwai kashe kuɗi. Amma wankin kan da ya toshe yana shan tawada fiye da shafuka masu yawa, kuma a samfurin Epson kan a jikin injin yake. Idan ya mutu, sai neman mai gyara a Gusau.