Motar lantarki: abin da ya kamata ku sani kafin ku rabu da gidan mai

A shekarar 2024 an sayar da motoci masu aiki da lantarki sama da miliyan 17 a duniya, idan aka haɗa da waɗanda ake jona su da wuta masu batir da injin fetur tare. Ma'ana, a cikin kowace sabuwar mota biyar da aka saya a shekarar, ɗaya ana jona ta da wuta. Shekara goma kafin nan cinikin bai kai ko miliyan ɗaya ba. Sai dai wannan kasuwa ba ta ci ko'ina daidai ba. Kusan kashi biyu cikin uku na motocin nan a ƙasar Sin aka saye su, sai Turai, sai Amurka. A wasu ƙasashe mutane sun karɓi motar hannu bibbiyu, a wasu kuma suna ɗari-ɗari da ita, kuma kowane ɓangare yana da hujjarsa.

Motar fetur tana ƙona mai ne a cikin inji, kuma mafi yawan ƙarfin man yana salwanta a zafi da hayaƙi. Abin da ke isa ga tayoyi bai cika wuce kashi 30 cikin 100 ba. Motar lantarki kuwa tana ajiye wuta a wani babban batir da aka shimfiɗa a ƙarƙashinta, wutar ce ke juya injin da ke tura tayoyi, kuma sama da kashi 75 cikin 100 na ƙarfin yana zama tafiya. Ba ta shan baƙin mai, ba ta da fulogi, ba ta da salansa, ba kulochi. Idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur, motar tana mayar da wani abu daga ƙarfin gudunta cikin batir, shi ya sa birkinta ke daɗewa bai cinye ba. Akwai kuma mai ruwa biyu, wadda ke da batir da tankin mai duka. Irin Toyota Prius ta asali, wadda ta fito a 1997, ba a jona ta da wuta, injinta ne ke yi mata caji. Wasu kuma ana jona su, su yi zirga-zirgar cikin gari da batir, idan ya ƙare inji ya karɓa.

Abin ba sabo ba ne. Wajen shekarar 1900 kusan kashi ɗaya cikin uku na motocin da ke Amurka na lantarki ne. Fetur ya yi rinjaye bayan Henry Ford ya fito da Model T mai araha a 1908, aka kuma ƙirƙiro hanyar tayar da inji da wutar lantarki a 1912, aka huta da juya ƙarfe da hannu. Abin da ya dawo da motar lantarki bayan shekara ɗari shi ne arahar batir. A 2010 farashin batir na kowane kilowat-awa ɗaya ya haura dala 1,000. Zuwa 2024 ya sauko zuwa wajen dala 115.

Mai son fahimtar yadda jama'a ke karɓar wannan mota ya dubi Norway. Ƙasa ce mai arzikin mai, tana sayar wa duniya ɗanyen mai da gas, amma a 2024 kusan kashi 89 cikin 100 na sababbin motocin da 'yan ƙasar suka saya na lantarki ne zalla. Ba da wa'azi aka kai nan ba. Gwamnati ta ɗora haraji mai nauyi kan motar fetur, ta ɗauke wa ta lantarki harajin saye na kashi 25 cikin 100 na tsawon shekaru, ta rage mata kuɗin bin hanya da na ajiye mota, har ta bar ta ta bi layin bas a birane. Ga wuta wadatacciya daga madatsun ruwa, ga mutane da yawa masu gidan kansu da za su jona mota da dare su wayi gari ta cika. Mai saye ya zauna ya yi lissafi, ya ga ta lantarki ta fi masa sauƙi a aljihu, ya saya.

Sin ta bi wata hanyar. Ta zuba kuɗi a masana'antun batir, ta ba da tallafi, kuma a birane irin su Beijing da Shanghai, inda samun lambar sabuwar motar fetur sai da ƙuri'a ko gwanjo, ta sauƙaƙa wa mai motar lantarki. Birnin Shenzhen ya mayar da dukkan bas-bas ɗinsa, kimanin 16,000, na lantarki tun ƙarshen 2017. Kamfanoni irin su BYD suka yi ta gasa har farashi ya karye, ta yadda ƙaramar motar lantarki a can takan yi daidai da takwararta ta fetur, ko ma ta fi ta araha. A 2024 kusan rabin sababbin motocin da aka sayar a Sin ana jona su da wuta.

Jamus ta nuna ɗaya gefen. A watan Disamba na 2023 gwamnati ta janye tallafin sayen motar lantarki ba zato ba tsammani, kuma a shekarar da ta biyo baya cinikinta ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. A Amurka rangwamen haraji na dala 7,500 da ake ba mai saye ya ƙare a ƙarshen Satumba na 2025. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2023 cewa daga 2035 ba za a sayar da sabuwar mota mai fitar da hayaƙi ba, amma kamfanonin mota da wasu gwamnatoci ba su daina matsa lamba a sassauta ba. A ganina darasin a fili yake. Yawancin masu sayen mota ba ƙin tsaftar iska suke yi ba, amma mota kadara ce mai tsada, kuma ba wanda zai zuba guminsa a kan abin da bai tabbata zai ɗauke masa lalurarsa ba.

Tsoron farko da ke zuwa wa mai saye shi ne kada wuta ta ƙare masa a daji. Motocin yanzu masu matsakaicin farashi suna yin kilomita 300 zuwa 500 da caji ɗaya, kodayake gudu da kaya da na'urar sanyaya mota suna rage wannan. Ga mai zuwa aiki ya dawo gida, wannan ya ishe shi kwanaki. Matsalar tana kan doguwar tafiya, da kuma lokacin da caji ke ci. A soket ɗin gida mota takan kwana a jone, wani lokaci ma ba ta cika ba. Na'urar caji mai sauri tana iya kai batir kashi 80 cikin 100 a cikin minti 20 zuwa 40, amma tana da tsada, kuma tana bukatar wuta mai ƙarfi da ba ta yankewa. Ko a Turai da Amurka, mai zaman haya a bene wanda ba shi da wurin jona mota shi ne ya fi jan ƙafa.

Sai maganar batir, wadda ita ce zuciyar al'amarin, domin shi ne abu mafi tsada a jikin motar. Kamar batirin waya yake, yana rage riƙe caji da tsufa, sai dai a hankali ƙwarai. Yawancin kamfanoni suna ba da garanti na shekara 8 ko kilomita 160,000. Zafi kuwa abokin gabarsa ne, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye. Motar Nissan Leaf ta farko, wadda ta fito a 2010, ba a yi wa batirinta tsarin sanyaya da ruwa ba, kuma a 2012 masu ita a jihar Arizona ta Amurka, inda rana ke ƙuna, suka yi ta kokawa cewa batir ya yi saurin rauni. Motoci da yawa na yanzu suna sanyaya batir da ruwa, wasu kuma suna amfani da nau'in da ake kira LFP, wanda ya fi jure wahala kuma ba ya bukatar ma'adinin kobalt. Wanda ke zaune a Sakkwato ko Yamai ko Njamena, inda zafin bazara ke haura digiri 40, bai kamata ya sayi motar lantarki ba sai ya san irin batirinta da yadda ake sanyaya shi.

Daga nan ne matsalar sayarwa ke tasowa. Mai sayen motar hannu ya saba ya buɗe bonet, ya saurari inji, ya duba hayaƙi. Lafiyar batir ba a ganin ta da ido, sai da na'ura. Wannan rashin tabbas, tare da yadda farashin sababbi ke ta sauka, ya sa motocin lantarki na hannu suka yi saurin zubar da daraja a wasu kasuwanni. A farkon 2024 kamfanin ba da hayar motoci na Hertz ya sanar da cewa zai sayar da motocinsa na lantarki kimanin 20,000 a Amurka, saboda tsadar gyara bayan haɗari da faɗuwar darajarsu. Gyaran yau da kullum kaɗan ne, gaskiya ne, amma idan babban abu ya lalace sai wanda ya koyi aikin. Batirin yana ɗauke da wuta mai ƙarfin da za ta iya kisa, ba abin da bakanike zai taɓa da kame-kame ba ne.

Game da muhalli, gaskiyar tana da fuska biyu. Ƙera batir yana fitar da hayaƙi mai yawa, kuma haƙar ma'adinai tana da nata zunubin. Kusan kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo yake fitowa, inda aka daɗe ana kuka kan halin da masu haƙa da hannu ke ciki, har da yara. Duk da haka, idan aka lissafa tsawon rayuwar mota, ta lantarki ta fi ta fetur ƙarancin hayaƙi a yawancin ƙasashe, kuma ratar tana ƙaruwa idan wutar daga ruwa ko rana ta fito. Abin da ba a jayayya a kai shi ne ba ta busa wa mai tafiya a ƙasa hayaƙi a fuska.

A Afirka, Habasha ce ta yi tsalle mafi nisa. A farkon 2024 ta hana shigo da motocin gida masu amfani da fetur ko dizal. Dalilinta na aljihu ne: tana kashe kuɗin waje masu yawa wajen sayo mai, alhali tana da wutar ruwa mai araha, ga kuma babbar madatsar da ta gina a kan kogin Nilu. Amma masu motoci a Addis Ababa sun ci karo da ƙarancin wuraren caji da kayan gyara da ƙwararrun makanikai, domin doka ta riga tanadi.

A Najeriya maganar ta ɗauki zafi ne bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta taɓa 1,000. Tun kafin nan an fara ɗan motsi. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato wanda ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, ya shugabanci hukumar kula da ƙera motoci ta ƙasa daga 2017, kuma a zamaninsa aka buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. A Legas an harhaɗa Hyundai Kona mai lantarki. A Maiduguri Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan bas-bas na fetur zuwa masu aiki da batir, gwamnatin Borno kuma ta sa motocin haya na lantarki a kan titi.

Ga lissafi mai sauƙi. A ce motar fetur tana shan lita 8 a kilomita 100, lita kuma naira 900, kuɗin tafiyar ya kama naira 7,200. Motar lantarki mai irin girmanta takan ci wajen kilowat-awa 17 a wannan nisa. Ko a farashin naira 225 da aka sa wa masu samun wuta mafi tsawo a Afrilun 2024, kuɗin bai kai naira 4,000 ba. Riba a bayyane take, amma tana rataye ne a kan samuwar wuta. Ƙasa mai mutane sama da miliyan 200 tana raba megawat 4,000 zuwa 5,000 ne a mafi yawan lokuta, layin wutar ƙasa kuma yakan faɗi. Wanda zai yi cajin mota da janareto ya dawo gidan jiya, domin man da ya guda shi zai ƙona. Mai sola a gida yana da mafita, sai dai batirin mota ya ninka na gida sau da yawa, don haka faranti biyu ko uku ba za su cika shi ba.

Shi ya sa nake ganin sauyin a ƙasarmu ba ta motar gida zai fara shigowa ba. Zai shigo ne ta adaidaita sahu da babur da bas ɗin cikin gari. Waɗannan su ne ke wuni a kan titi, su ne mai ya fi cinye wa riba, kuma batirinsu ƙarami ne. A Indiya fiye da rabin keke mai ƙafa uku da ake sayarwa yanzu na lantarki ne. A Kigali da Kwatano da Lome kamfanoni irin su Ampersand da Spiro sun kafa shagunan musayar batir: ɗan acaɓa ya zo da wanda ya ƙare, ya biya, a ɗora masa cikakke cikin 'yan mintuna ya koma aiki. Bai sayi batir ba, don haka tsufansa ba damuwarsa ba ce. Irin wannan tsari ya dace da Kano da Kaduna da Maraɗi fiye da jiran ranar da za a jera tashoshin caji daga Kano zuwa Maiduguri.

Wanda kuma ya ƙudura sayen motar lantarki ta kansa, musamman ta hannu da aka shigo da ita daga waje, ya fara tabbatar da inda zai riƙa yin caji kullum kafin ya tambayi farashi. Ya sa a gwada masa lafiyar batir da na'ura a gabansa, ya ga kashi nawa ya rage daga ƙarfinsa na asali. Ya duba bakin cajin, domin motocin Sin da na Turai da na Amurka da na Japan ba iri ɗaya suke amfani da shi ba. Ya kuma nemi sanin wanda zai gyara ta a garinsu, da kuma inda kayan gyaranta za su fito.