Kada Maganin Kyankyaso Ya Jawo Mana Gobara

Damina ta kama, sauro da kyankyasai sun addabi gidajenmu na zango, kowa ya koma ga gwangwanin feshi. To jama'a, akwai abin lura. Abin da ke turo maganin daga cikin gwangwani iskar gas ce, irin wadda ke cikin tukunyar girkinmu. Idan ta cika ɗaki, ko tartsatsin firji kan tayar da wuta. Haɗarin ya fi yawa ga irin wanda akan danna a bar shi ya juye duka. A shekarar 2003, wani gida ya tarwatse a San Diyego ta Amurka bayan an saki gwangwani 19 a ciki.

Saboda haka kafin mu fesa, mu rufe kan tukunyar gas, mu kashe murhu da fitila, mu zare wayar firji. Kada mu wuce adadin da aka rubuta a jikin gwangwanin. Mu rufe abinci, mu fita da yara, mu jira awa 2 zuwa 4. Sa'an nan mu buɗe tagogi iska ta ratsa kafin a ƙyasta ashana.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya tsare mu.